Rijiya ta Tara

Ni ce na tsara fom ɗin da ya yanke wa aikin mahaifina tallafi. Ina faɗa tun farko don kada wani ya ji a waje ya ce na ɓoye.

A ma'aikatar tsare-tsare nake aiki, hawa na uku, a ofishin da fankarsa ke juyawa tana ƙara kamar dole aka yi mata. Tattalin arziki na karanta, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Shekarar da aljihun gwamnati ya yi sanyi aka ce a rage abin da ake bai wa jami'o'i na bincike, sai Darakta ya kira ni ya ce in fito da hanyar da za a tace masu nema. Na yi mako biyu a kai, na fito da fom mai shafi huɗu. A shafi na uku akwai gurbin da na fi alfahari da shi, wanda shi kaɗai ya kwashe kusan rabin maki: "Bayyana amfanin da wannan bincike zai kawo wa tattalin arzikin ƙasa cikin shekara uku." Har yau ban yarda tambayar banza ba ce. Ƙasar da asibitocinta ke neman auduga tana da haƙƙin ta tambayi mai bincike abin da zai kawo mata.

Fom sama da ɗari biyu suka dawo, kuma a nan na san malaman jami'a sun iya zuba. Wani ya ce zai rage shigo da kaya da rabi. Wani ya ce daga ɓawon lemo zai samar wa mutum dubu goma aiki. Ina cikin dariya ni kaɗai na buɗe wani fom, na ga rubutun hannu mai kwantawa gefen dama wanda ko a duhu zan gane shi. A gurbin nan nawa mai layi goma sha biyu, layi ɗaya ya cika: "Babu. Ba a fara sanin komai sai an cika shekara talatin."

Baba malamin jami'a ne, fanninsa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tun ina shekara biyar yake da rijiyoyi tara da yake aunawa. Ba rijiyoyin ɗiban ruwa ba ne, bututun ƙarfe ne aka soka cikin ƙasa, bakin kowanne bai fi na kofin shayi ba, da murfi da kwaɗo. Ta farko tana bayan jami'a, ta tara kuwa tafiyar awa biyu ce a mota. Ranar Litinin ta farkon kowane wata yake zagaya su ya auna nisan da ruwa yake daga bakin bututu. In wani dalili ya hana, yana da Talata da Laraba. Bayan nan watan ya tafi, domin awon tsakiyar wata ba ya zama a layi ɗaya da 'yan'uwansa. Ya ce shekara goma na iya zuwa da fari, wata goman ta zo da ruwa, sai an haɗa talatin ake gane ko ruwan ƙasa tafiya yake da gaske ko numfashi kawai yake yi. Lokacin da fom ɗinsa ya iso teburina ya yi shekara ashirin da tara da wata biyar, ko wata ɗaya bai taɓa tsallakewa ba. Saura wata bakwai.

Na kai wa Darakta fom ɗin na ce, "Yallaɓai, wannan mahaifina ne, zan fita in an zo kansa."

Na fita na tsaya a baranda ina kallon motoci. Ko minti uku ba a yi ba aka kira ni in dawo, an wuce na gaba. Ban tambaya ba, ba a kuma gaya min ba, ai ni na rubuta yadda ake ba da makin.

Ranar Asabar na tafi gida da faɗana a baki. Na tarar da Baba a falo yana fiƙe fensir da reza a kan tsohuwar jarida, Umma tana ninke wanki a doguwar kujera. Ko zama ban gama yi ba na fara.

"Baba, layi goma sha biyu na bari. Goma sha biyu! Ka rubuta min 'babu'?"

"Sannu da zuwa, Uwata," ya ce, don haka yake kirana. "Ashe ke kika yi fom ɗin? Ya yi kyau, babu kuskuren rubutu ko ɗaya."

"Ba wasa nake ba. Da ka ce manoma za su amfana, masana'antu za su amfana, hukumar ruwa za ta amfana. Ai ba ƙarya ba ce."

"Cikin shekara uku kika ce. Ban sani ba. Abin da ban sani ba kuma ban iya rubuta shi ba."

"Kowa ya rubuta!"

"To, Allah Ya ba su sa'a."

Umma, wadda ta yi shekara talatin tana aikin jinya kuma ba ta da haƙurin doguwar magana, ta ce, "Ki bar shi. Mutumin da na tambaya ko yana sona ya ce in ba shi lokaci ya tabbatar."

Baba ya yi dariya har reza ta kusa kuɓuce masa. Ni ban yi ba. Na shiga yi masa lacca, ni da aka haifa jiya, a kan yadda kasafi yake: ga makarantu, ga hanyoyi, ga albashi, kowa hannu a miƙe, dole a fara da abin da zai dawo da wuri. Ya saurare ni har ƙarshe kamar ɗalibar da ta yi ƙoƙari.

Sannan ya ce, "Gaskiyarki. Amma duk masana'antar da kuke ba wa izini, da gonar da banki ke zuba wa jari, da unguwar da ake yankawa, a kan ruwan da ba wanda ya gani suke zaune. Kowa yana zuƙa, kowa yana zaton akwai. Ni dai na ce a samu mutum ɗaya da zai riƙa leƙawa. Ba na kawo wa ƙasa ko sisi, Uwata. Wata rana dai zan iya hana ta zubar da wanda take da shi."

"To me ya hana ka rubuta haka?"

"Ba shi kika tambaya ba."

Da tallafin aka tafi da mota, da mai, da Kawu Direba, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa Baba kuma daga kuɗin binciken ake biyansa. Baba bai yi ƙorafi ba. Wata uku a jere ya rataya jakarsa ya bi motocin haya, yana fita da sassafe ya dawo ƙafafu a kumbure, wani lokaci sai ya haɗa da Talata kafin ya gama. Kawu Direba, da ba wanda ke biyansa, yana bin sa yana riƙe masa jaka, wai zaman gida na sa masa ciwon baya. Na ce Baba ya karɓi motata, ya ce idonsa ba ya ganin hanya sosai. A nan ne muka gane yanar da ke idonsa ta yi nisa fiye da yadda yake faɗa. Likita ya sa ranar aiki, ta faɗo kwana uku kafin Litinin ta farkon wata, ya kuma ce bayan aikin babu sunkuyo, babu ƙura, babu tafiya, har mako biyu.

Baba ya ce a ɗaga. Umma ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi, shi ke nan maganar ɗagawa ta mutu.

"Ni zan je," na ce. Ban san lokacin da ta fito ba. Wata uku ke nan ina kwana ina tashi da nauyin abin nan a ƙirjina, ina ganin mutum na ɗingishi saboda gurbin da na zana da hannuna.

Ya koya min a bayan gida da duron ruwa da guntun bututu. Tef ɗin awon na ƙarfe ne, naɗe a kan wani faifai mai hannu. Za ki goga alli a ƙarshensa, ki zura a hankali, ki tsayar da lamba cikakkiya daidai kan wata 'yar tsaga da aka yi a bakin bututun, ki jawo, ki duba inda ruwa ya jiƙa allin, ki ɗebe. Sau biyu ake yi. In awo biyun suka bambanta da fiye da santimita ɗaya, a sake. Kowace rijiya da littafinta, kuma da fensir ake rubutu don biro na zuba in ya ji damshi. Fensir ɗin kuwa duk ya cire musu abin gogewa.

"In kin yi kuskure, ja layi ɗaya a kai, yadda za a iya karanta kuskuren, ki rubuta daidai a gefe, ki sa hannu."

"Baba, digiri biyu gare ni."

"Shi ya sa nake maimaitawa," ya ce.

Aka yi aikin ido lafiya. Ranar Litinin na ɗauki hutun kwana ɗaya, na ɗauko Kawu Direba a bakin layinsu. Ya zauna a gefena yana taka birkin da babu shi duk lokacin da na sha kwana. Ya san kowace rijiya kamar ɗakinsa: wadda kwaɗonta sai an ɗaga shi sama kafin ya buɗe, wadda zanzaro ke gida a murfinta, wadda ke bayan makaranta inda yara ke kewaye mutum suna tambaya ko fetur ake nema. Zuwa rijiya ta huɗu hannuna ya yi fari fat da alli, bayana ya riƙe, amma wallahi wani daɗi na riƙa ji. In tef ya taɓa ruwa can ƙasa akwai wani ɗan nauyi da yake sauyawa a yatsu, kamar an amsa sallama. Takwas muka yi ba matsala.

Rana ta karkata muka isa ta tara. Wata sabuwar masana'anta ce ta sayi filin bara ta zagaye shi da katanga, rijiyar ta faɗa ciki. Tsohon maigadin ya san Baba, yana buɗe masa. Ranar sai muka tarar da sabo, dogo, mai sabon kaki.

"Ba a shiga sai da takarda."

Na nuna masa katin ma'aikata. Ya juya shi gaba da baya ya miƙo min. Kawu Direba ya yi magiya, ya nuna masa kan bututun da ake hangowa ta ƙasan ƙofa, taku ashirin kacal, ya ce minti goma ya ishe mu. Mutumin ba mugu ba ne, har kujera ya ba mu. Ya ce mako ɗaya ke nan da ɗaukarsa, manaja ya tashi, in muka zo gobe da takarda daga jami'a shi da kansa zai riƙe mana tef.

Muka koma mota. Kawu Direba ya ce, "'Yar Malam, mu je mu gaya masa. Gobe a karɓo takarda, ai muna da Talata da Laraba."

Gobe kuwa ni ce zan tsaya gaban kwamiti in kare kasafin sashenmu, jibi ma haka, ba yadda za a yi in sake fita. Na tuna Baba kwance da bandeji a ido, na san in ya ji zai ce sai ya tashi. Na buɗe littafin rijiya ta tara a kan sitiyari. Littafinta na uku ne, shekara tara da 'yan watanni ne a cikinsa, lambobi a jere tsaf.

Abin da na yi a nan, a ofishinmu aikin yau da kullum ne. In wata jiha ba ta aiko da alƙalumanta ba, ba ma barin gurbi. Muna duba na shekarun baya, mu ga inda suka dosa, mu cike, kuma sunansa aiki mai kyau. Na ɗauki awon wannan watan na kowace shekara, na fitar da layinsu a waya. Na lura watanni huɗu na ƙarshe sun kauce, ruwan ya yi ƙasa fiye da yadda ya saba. A wurinmu lambar da ta kauce ita ake fara zargi. Na ce a raina, Allah sarki Baba, yanar ido ce ta sa shi karanta tef ba daidai ba, sai na yi watsi da su. Lissafi ya ba ni mita goma sha takwas da santimita arba'in da biyu. Na rubuta da fensir, na rubuta awo na biyu da bambancin santimita ɗaya don ya yi kama da na gaske, na sa hannu.

"Kawu, likita ya ce kada hankalinsa ya tashi. Ka bar min wannan."

Ya kawar da kai. Har muka iso gari bai sake taka birkinsa ba.

Na tarar da Baba a kishingiɗe a ɗaki, labule a sauke, Umma na ɗiga masa magani. Ya ce in karanto masa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai, wani wurin ya ce, "Haka take, ba ta da hayaniya," kamar ana ba shi labarin 'ya'yansa. Da na karanta ta tara sai ya ɗago.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Sha takwas da arba'in da biyu," ya maimaita. Sai fuskarsa ta washe. "Alhamdu lillahi. Ta dawo. Wata huɗu tana sauka kamar ana jan ta, na ce ko masana'antar nan ce ke zuƙa fiye da ƙima. Har na rubuta wa hukumar ruwa takarda, akwai ƙauyuka uku da ke sha daga wannan shimfiɗar. Ashe gaggawa na yi. Kin ga amfanin haƙuri, da na ɗora wa mutane laifin da ba nasu ba." Ya juya wajen Umma. "Takardar nan da ke kan tebur, a ajiye ta, ba sai an kai ba."

Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Hannunki ma da sa'a."

Ban taɓa jin albarka ta yi min nauyi irin na ranar ba.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Na tsaya gaban kwamiti na kare kasafi da baki mai daɗi, aka yaba min. Kowace safiya ina cewa yau zan faɗa, kowace yamma ina samun dalili: idonsa bai warke ba, Umma ta gaji, wata mai zuwa ai awo na gaske zai gyara komai. Amma na san Baba. In wata mai zuwa ruwan ya sake yin ƙasa, zai ce hawa da sauka yake yi, a ƙara jira, domin ga lamba a tsakiya ta nuna ya taɓa dawowa. Kuma lambar za ta zauna a littafin har bayan ransa da nawa, da sa hannuna a gefe, duk wanda ya zo zai gina a kanta. A ofis na kama kaina ina kallon jadawalin da muke aika wa manya, ina tambayar kaina nawa ne a ciki aka auna, nawa ne irin nawa.

Rana ta goma na je gida da rana tsaka, ban ko tsaya neman izini ba. An cire bandejin, yana zaune a falo da baƙin tabarau kamar mawaƙi, Umma na karanta masa jarida tana tsallake labaran da ba ta so. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ban auna rijiya ta tara ba."

Umma ta ninke jaridar. Na faɗi komai, da maigadin, da takardar da ya nema, da lissafin da na yi a waya, da santimita ɗayan da na ƙara don ya yi kama da gaske. Har zargin da na yi wa idonsa ban rage ba. Ina magana ina kuka, irin kukan da rabona da shi tun ina makarantar kwana.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Yatsunsa kawai nake gani suna motsi a kan gwiwa, na gane ƙirga kwanaki yake.

"Yau sha uku ga wata," ya ce a hankali. "Ya tafi."

"Da na faɗa ranar, da Kawu ya je da takarda."

"Da ya je."

Bai sassauta min wannan ba, kuma na gode da bai yi ba. Ya zare tabarau ya goge idon da ba a yi wa aiki ba da bayan hannu. Umma ta ce, "Malam, likita ya hana," ya ce, "Ɗayan ne, wannan nawa ne." Shekara ashirin da tara da wata takwas, da zazzaɓi da ruwan sama da motar da ta mutu a daji, bai bar gurbi ba. Gwamnati ta janye hannunta bai bar gurbi ba. Sai da 'yarsa ta zo taimako.

"Ɗauko littafin," ya ce. "Da fensir."

Na ɗauko. Ya ce in ja layi ɗaya a kan lambobin biyu, kada in danne, a bar su ana gani. Na ja. Ya ce in rubuta a gefe: "Ba a auna ba. Lambar da aka soke kintace ce." Na rubuta, na sa kwanan wata, na sa hannu.

"Na ɓata maka shekara talatin, Baba."

"Kin rage min wata ɗaya a rijiya ɗaya. Ya yi min ciwo, ba zan ce miki bai yi ba." Ya karɓi littafin ya kawo shi kusa da fuska, yana bin layin da yatsa. "Amma wanda zai buɗe wannan bayan ba mu, bai san ni ba, bai san ko ni mai gaskiya ne ba. Lamba sama da dubu uku zai gani a jere ba ko tabo, yana iya cewa anya kuwa? In ya iso nan ya ga an soke an faɗi dalili, zai san irin mutanen da suka riƙe littafin. Sai ya yarda da sauran."

Ya juya wajen Umma. "Takardar hukumar ruwa fa?"

"Tana cikin jakata," ta ce. "Na san ba a rabuwa da takardarka cikin sauƙi."

"Gobe a kai. A ƙara layi ɗaya a ƙasa, a ce awon wannan watan babu shi."

Na ce ni zan kai, na san wanda ke karɓa a can, kuma zan tsaya har sai an buga mata hatimi. Ya gyaɗa kai. Na yunƙura zan tashi in wanke fuska, ya ce in dakata. Ya buɗe bangon littafin ta ciki, inda ban taɓa dubawa ba. Sunaye shida ne a jere da fensir, kowanne da shekarun da ya yi. Na farko nasa ne. Akwai na wani ma'aikacin ɗakin gwaji da nake tunawa yana ba ni alewa, ya rasu tuntuni. Akwai ɗalibai uku da suka zo suka wuce. Na ƙarshe Kawu Direba ne, da rubutunsa manya-manya.

"Duk wanda ya taɓa riƙe tef yana nan, a kowane littafi," ya ce. "Sa naki."

"Baba, a wannan littafin? Ai ita ce ban auna ba."

"Saura wata uku. Likita ya ce in rage sunkuyo, Kawunki kuma bayansa ya fara gaya masa gaskiya." Ya miƙo min fensir ɗin, hannunsa ya ɗan kauce don bai gama saba wa sabon idon ba, na tare shi. "Wanda bai taɓa cike gurbi ba, ban san abin da zai yi ba ranar da ya tarar da ƙofa a kulle. Ke na sani."

Na rubuta sunana a layi na bakwai. Wurin shekaru na sa ta bana, na ja 'yar gajeriyar sanda a gabanta, na tsaya ina dubansa.

"Bar shi a buɗe," ya ce.